Yadda na samu gudun 250,000 baud daga tashar siriyal ta na'urar gwaji

Kayan da zan gwada da DMX512 (ƙa'idar sarrafa fitilun dandamali) suke magana, wato 250,000 baud (bit 250,000 a daƙiƙa), bit 8 na bayanai da bit 2 na tsayawa. Katin da ke cikin na'urar gwajin kuwa UART ne (cip ɗin da ke aika bit ɗaya bayan ɗaya) irin 16550 mai kiristal 1.8432 MHz, wanda shi ne agogonsa. Na shigar da 250000 a manhaja, ta karɓa ba gardama, amma ba abin da ɗaya ɓangaren ya fahimta.

Matsalar a lissafi take. Wannan UART yana raba agogonsa gida 16, abin da ya rage 115,200, sannan ya sake rabawa da cikakkiyar lamba. Ke nan 115,200 shi ne maƙura. Direban katin ya zaɓi abin da ya fi kusa ya yi shiru. Ko ƙasa da haka ma ba kowane gudu ake samu ba. 10,400 na K-line, layin binciken matsala a motoci, yana yiwuwa, domin rabawa da 11 na ba da 10,473, kuskuren kashi 0.7 cikin ɗari. Amma 31,250 na MIDI, ƙa'idar sadarwar kayan kiɗa, ya faɗa tsakanin 38,400 da 28,800, duka biyun sun yi nisa. Mai karɓa yana duba kowane bit ne a tsakiyarsa, kuskuren kuma taruwa yake har bit na ƙarshe, don haka jimillar bambancin ɓangarorin biyu in ta kai wajen kashi 5, firam, wato jerin bit na harafi guda, ya lalace. Ni ba na yarda ɓangarena ya haura kashi 2.

Da farko na cire kiristal ɗin na sa na 16 MHz. Tushe ya koma 1,000,000, rabawa da 4 ta ba da 250,000 cif. Sai dai direba bai san an canza agogo ba, dole na riƙa rubuta 28,800 domin ya sa 4. Ga kuma asara: mafi kusa da 115,200 da ake iya samu ya koma 111,111, ragin wajen kashi 3.5, sauran gwaje-gwajen da ke kan wannan gudun suka fara tuntuɓe. Na mayar da tsohon kiristal.

Abin da ya zauna daram shi ne adaftar USB mai cip FT232R. Tushensa 3,000,000 ne, yana kuma karɓar rabawa har da kashi ɗaya bisa takwas, 12 ta ba da 250,000, 96 ta ba da 31,250. A Linux na yi amfani da tsarin saita tashar siriyal na termios2 da tutar BOTHER, mai ba da damar sa kowane gudu, ta hanyar umarnin TCSETS2, na rubuta gudun kai tsaye. Tsohuwar dabarar manhajar setserial, inda ake rubuta 38,400 alhali wani gudun ake nufi, tana rikita duk wanda zai gaji aikin, na guje mata.

Kada a manta da matakin wuta. Yawancin tsofaffin cip na RS-232, matakin wutar tashar siriyal ta gargajiya, a kan 120 kbit/s aka tabbatar da su, sama da haka gefunan siginar sai su kwanta, musamman a doguwar waya. Tunda DMX512 a kan wani matakin wuta daban yake, RS-485, na ɗauki siginar TTL, wato wadda ke fitowa kai tsaye daga FT232R, na ba cip na RS-485.

Yanzu kafin na haɗa komai, sai na sa 8N1 (bit 8 na bayanai, ba bit na parity, bit 1 na tsayawa), na aika 0x55 (wato 01010101) ba tsayawa, na ɗora osiloskop, na'urar nuna siffar sigina, a kan TX, layin aikawa. Ɗaya da sifili ke bin juna, don haka mitar rabin baud ce: a 250,000 dole na ga 125 kHz, kowane bit mikirodaƙiƙa 4.