Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yaran da kunnensu ya riga idonsu

A makon jiya na tsaya inda na baro Yamai na komo gida Tahoua, bayan na gama koyo a cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. Kayan aikina ba su wuce kwalin alli da littafin solfej, wato karatun alamomin kiɗa, da wani tsohon metronom, na'urar ƙirga bugu mai kaɗa wutsiya, ba. Wani mai lakwal mai zaman kanta ya ba ni aron aji, Laraba da Asabar da marece.

Darasin farko na zana musu alamomin a allo. Mai kamar ƙwai, rond, bugu 4 ce. Fara mai sanda bugu 2, baƙa bugu 1, mai ƙugiya rabin bugu. Yaran sun san lissafi, don haka amsa tana zuwa baki ɗaya. Da na ce a tafa abin da ke rubuce, sai aji ya rikice, kowa da nasa. Alhali ƴan matan nan su ne ke gaɗa a tsakar lakwal kafin in iso, tafi ɗaya ba ya kuɓuce musu.

Sai muka ture tebura gefe. Ƙafa ta ɗauki bugu, dama, hagu, ba sauri ba nawa. Baki ya ɗauki alama: baƙa "ta", ƙugiya biyu "ti-ti". Dabarar ba tawa ba ce. Aimé Paris ya fito da irinta a Faransa a ƙarni na 19, daga baya masu bin tsarin Zoltán Kodály na ƙasar Hangari suka yaɗa ta duniya. Sai ƙafa da baki sun daidaita nake barin hannu ya shigo.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne wanda ya fi kowa iyawa. Ɗan makaɗin kalangu ne, ubansa yana yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwar Lahadi. Duk abin da na tafa sau ɗaya, yaron zai maido mini shi cif, idonsa a kan allo, fuska a ɗaure kamar mai karatu. Wata rana na goge baƙa ɗaya a layi na uku, na sa alamar shiru a gurbinta, ban tafa musu ba. Ya tashi ya buga na ranar Laraba daga farko har ƙarshe.

Na ce, "Kai, ina baƙar da ka buga?"

Ya leƙa allo, ya sosa ƙeya. "Mushe, ai ran Laraba tana nan."

Daga ranar na daina tafawa kafin su karanta. Layin da kunne ya riga ya ji, ido ba zai wahala a kansa ba, musamman ga yaron da aka goya a bayan ganga. Kullum sabon layi, gajere, su fara, ni in biyo baya.

Shirun nan kuwa shi ne ƙashin aikin. Yaro yana ganin alamarsa sai ya ɗauka hutu ne, ya daina ƙirga, ya shigo a makare ko ya riga kowa. Muka yi doka: in an zo shiru, a buɗe tafukan hannu sama, ƙafa kuma ta ci gaba da tafiya. Masu dariya suka yi har suka gaji, amma bugun ya daina ɓacewa.

Akwai inda na saɓa wa littafin, kuma har yau ina kan bakana. Littattafan solfej suna farawa da ma'aunin kiɗa na 2/4 da 4/4, inda bugu ke rabuwa biyu, su ajiye 6/8 da 12/8, inda yake rabuwa uku, can gaba a matsayin abu mai wuya. Mai wuya ga wa? Da yawa daga kiɗanmu bugunsa uku yake rabuwa, yaranmu da shi suka tashi. Na kawo 6/8 tun da wuri. Na roƙi baban yaron ya zo da kalangunsa, ya buga gajeren zango yana maimaitawa, mu kuma muna rubutawa a allo. Da muka gama, wata yarinya da ke makara kullum, wadda ba ta ji kiɗan ba, ta shigo. Na nuna mata allo, ta tafa shi daidai.

Tsohon ya ajiye makaɗi, ya matso ya ƙura wa allin ido. Ya ce, "Malam, to ina matsin tsarkiya? Kalangu ba ya magana sai an matsa shi."

Gaskiyarsa. Layinmu ya kama lokaci, bai kama hawa da saukar murya ba. Na ce, "Baba, wannan sai hannunka." Asabar ta gaba ya dawo ba tare da an aika masa ba, ya zauna bencin baya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda wasu iyaye suka janye ƴaƴansu da suka ji an shigo da makaɗi aji, da zaman da muka yi a zauren mai unguwa.