Fanny ta hana ni barci

Jiya da dare NEPA sun ɗauke wuta, zafi ya hana ni sakat, na ɗau waya ina ta lalube a YouTube sai na faɗa kan wani kiɗa na Fanny Hensel, yayar Felix Mendelssohn, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus. Shi kowa ya san shi, ita kuwa wallahi sunanta ma sai jiya na ji. Mutum huɗu ne kawai, gogen Bature biyu, wani matsakaici, sai babban nan mai muryar ƙasa da ake jinginawa a ƙafa, ba ganga ba waƙa.

A 1834 ta rubuta shi a Balin amma ba a wallafa shi a takarda ba sai 1988, ku lissafa da kanku. Tun tana budurwa babanta ya ce mata kiɗa sana'ar Felix ce, ita ado ne kawai gare ta, har wasu waƙoƙinta da sunan ƙanin aka fitar.

Abin da ya kama ni, a hankali ta fara, alhali a zamanin an saba buɗewa da sauri, ƙanin ma sai da ya yi mita kan tsarin. Ni dai na ce malam Felix ka yi haƙuri. Kashi na uku na kiɗan kuwa, kai! gogen ƙasan yana gunji na saman na amsa mai kamar mai rarrashi, sau huɗu na maimaita har data ta ƙare, caji saura 6.