Daga Kumasi zuwa kwarin Imlil: abin da za ka shirya kafin ka taka dusar ƙanƙara

Ga matasan Aboabo da Asawase masu tara kuɗi don su ga dusar ƙanƙara da idonsu, tsaunukan Atlas na Maroko sun fi kusa, sun kuma fi sauƙi ga aljihu. Jirgi daga Akra zuwa Kasablanka, jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, sannan mota ta kai ka ƙauyen Imlil cikin kamar awa ɗaya da rabi. Daga Disamba zuwa Maris saman kwarin fari fat yake. Hukuma ba ta barin kowa ya hau Toubkal, dutsen da ya fi tsayi a Atlas, sai da ɗan jagora, kuma ana duba fasfo a hanya.

Kowa tsoron sanyi yake yi, amma tsayin wurin ne ya fi kayar da mutanenmu. Afadjato, dutsen da muke alfahari da shi a Gana, bai kai mita 900 ba. Imlil kuwa yana wajen mita 1,800, masaukin masu hawa yana 3,200, ƙololuwar Toubkal 4,167. Daga mita 2,500 iskar da kake shaƙa ba ta ƙosar da jini kamar yadda ya saba. Ƙa'idar likitoci ita ce, idan ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Masu gaggawa kuma sukan haura mita 1,400 a wuni guda don su rage kuɗin masauki. Ka kwana biyu a Imlil, da rana ka hau zuwa wajen mita 2,300, ka sauko ka kwana a ƙasa.

Ciwon tsauni yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, ƙin abinci da rashin barci. Mu da muka saba da zazzaɓin cizon sauro sai mu ɗauka shi ne, mu haɗiyi ƙwaya mu ci gaba da hawa, kuma nan ake yin kuskure mai tsada. Mai waɗannan alamu ya tsaya inda yake. Idan ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko yana tari mai kumfa, a sauko da shi mita 500 zuwa 1,000 nan take, ko da tsakar dare ne.

Don Allah a yi gwajin jini na sikila tun a gida. Mai SS ko SC kada ya shirya wannan tafiya sai da yardar likitansa. Mai AS ma, wanda bai taɓa ciwon sikila ba, ƙarancin iska na iya toshe masa jini a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu.

Batun sutura kuwa, auduga ce abokiyar gaba. Tana shan zufa ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. Ka sa hawa uku: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. A gwanjon Kejetia ko Kantamanto ana samunsu da araha, amma ka juya rigar ka karanta takardar da ke wuyanta kafin ka biya. Takalmi ya ɗan fi ƙafarka girma, domin matsattse yana hana jini zagayawa, yatsu su daskare. Ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi da gatarin ƙanƙara, hayarsu ake yi a Imlil.

Kada ka bar tabarau mai tare hasken rana. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido, kuma baƙar fata ba ta kare ƙwayar ido. Zafin ba ya zuwa nan da nan, sai da dare ka ji kamar an zuba maka yashi.

Wajen alwala, ka nemi ruwan ɗumi a masauki, ka goge tsakanin yatsu sarai kafin ka mayar da safa. Yatsan da ya yi tauri ya daina ji, kada a murza shi, kada a gasa shi a wuta. A tsoma shi cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Waya kuma ta zauna a aljihun ciki kusa da ƙirji, don sanyi yana zuƙe batir cikin ɗan lokaci.