Buɗe wa yara asusu a ƙungiyar ajiya da lamuni a Amurka

Da na tashi buɗe wa yarana asusu a nan Amurka, kiredit yuniyan na nufa, wato ƙungiyar ajiya da lamuni wadda masu ajiya ne suka mallake ta. Sai ka cancanci zama memba kafin a karɓe ka, ko ta wurin aikinka, ko garin da kake zaune, ko wani ɗan uwa da ya riga ya shiga. In uba ko uwa na ciki, yaro ya samu ƙofa. Takardun ba su da yawa: shaidar haihuwar yaron, lambarsa ta Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa), da katin shaidar iyaye mai hoto. Za a riƙe 'yan kuɗin zama memba, galibi dala 5, ba a taɓa su sai ranar rufe asusu. Hukumar NCUA ta gwamnatin tarayya ke ba ajiyar inshora har dala 250,000, amma ka duba tambarinta a ƙofa, domin akwai 'yan ƙalilan da inshorar kamfani suke da ita.

Inda ya kamata a nutsu shi ne tambayar da ma'aikaciya za ta yi cikin sauri: na haɗin gwiwa ko na riƙo? A na haɗin gwiwa kuɗin naku ne ku biyu, kana iya cira, haka kuma masu binka bashi suna iya kai masa hannu ta kotu a jihohi da dama. Na riƙo, wanda ake kira UTMA, duk abin da ya shiga ya zama na yaro har abada. Kai mai tsaro ne kawai, kuma in ya cika 18 ko 21, gwargwadon dokar jiharku, dole ka miƙa masa, ko ya yi hankali ko bai yi ba. Ga kuma maganar jami'a: a lissafin FAFSA, wato takardar neman tallafin karatu, kashi 20 cikin ɗari na dukiyar ɗalibi ake ƙirgawa a matsayin abin da zai iya biya da kansa, ta iyaye kuwa ba ta wuce kashi 5.64. Don haka ni kuɗin barka da Sallah da na aikin hutu kawai nake bari a sunansu, na karatu yana wajena.

Asusun kashewa mai katin ATM yawanci sai yaro ya kai 13. A nan abu ɗaya nake dagewa a kai: kada a sa hannu a takardar amincewa da cira fiye da abin da ke ciki. Tun 2010 doka ta hana a ci tarar haka a kan sayayyar kati sai da amincewarka. In ba ka sa hannu ba, katin zai ƙi biya, yaro ya ɗan ji kunya a gaban kanta, shi ke nan. Sai dai kuɗin wata-wata na wasannin waya ba su shiga wannan kariyar ba, su kan ratsa su jefa asusun cikin bashi. Famfon mai ma yakan riƙe kuɗi fiye da abin da aka sha na 'yan kwanaki.

Mai gudun riba, wato kuɗin ruwa, ya faɗa tun a teburin buɗewa, domin asusun ajiya yana tara ta da kansa, in ta kai dala 10 a shekara ma har takardar haraji za a aiko. Kuma a riƙa motsa asusun ko da dala ɗaya ce, don wanda ya kwanta shekara uku zuwa biyar ana miƙa kuɗinsa ga baitulmalin jiha.