Yadda na koyar da tsaftar baki a makarantun sakandare

Ranar 20 ga Maris, wadda ita ce Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, na fara shiga wata makarantar kwana ta maza a Zariya, ɗauke da hotunan ruɓaɓɓun haƙora, bisa zaton cewa tsoro zai sa ɗalibai su gyara. Sun saurara cikin ladabi, amma da na koma bayan wata uku na duba bakunansu, ban ga wani sauyi ba. Kuskuren nawa ne, domin ɗan shekara 15 bai damu da haƙorin da zai zube masa yana da shekara 50 ba.

A zuwa na biyu sai na raba musu takardu, na ce kowa ya rubuta abin da ke damunsa ba tare da sa suna ba. Yawancin tambayoyin a kan warin baki ne da zubar jini daga dasashi, abubuwan da kunya ke hana saurayi faɗa a gaban abokansa. Da yawa sun rubuta cewa idan suka ga jini sai su daina goge wurin. Na bayyana musu cewa galibi dauɗar da ta taru a gindin haƙori ce ke kumbura dasashi, don haka barin wurin ƙara ta'azzara shi yake yi, kuma goge harshe na rage wari sosai. A nan ne na ga aji ya natsu da gaske.

Na kuma daina yi wa asuwaki kallon raini, wanda dā nakan yi saboda irin horon kula da lafiyar haƙori da na samu. Yaran nan sun taso da shi, sun san falalarsa tun daga makarantar Islamiyya, kuma mai amfani da shi da kyau ya fi mai buroshin da ya shekara bai canza ba. Abin da nake ƙara musu shi ne makilin mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sau biyu a rana na minti biyu, da sauya buroshi duk wata uku. Gawayi da toka kuwa nakan hana, saboda suna kankare fatar haƙori wadda ba ta sake tsirowa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gogewar dare. Yawu yana raguwa lokacin barci, sai ƙwayoyin cuta su samu sukarin alawa da lemon kwalba da aka sha da yamma, su mayar da shi tsami mai huda haƙori. Ɗalibai sun fahimci bayanin, amma bayan karatun dare a gajiye suke kwanciya. Shi ya sa yanzu, kafin in shiga kowane aji, nakan fara zama da malamin da ke kula da ɗakunan kwana, mu roƙi a ware minti biyar na goge baki kafin a kashe fitila.