Wasiƙar da na rubuta sau uku kafin in tura Kanada

Ranar da gayyata ta shigo asusuna na Express Entry, tsarin intanet da ƙwararrun ma'aikata ke bi su nemi zama a Kanada, murnata ba ta kai awa guda ba. Kwana 60 kacal hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, take bai wa mutum ya haɗa takardun neman izinin zaman dindindin. Da na baje nawa a kan tebur, sai na ga bakinsu bai zo ɗaya ba. Fasfona ya ce Muhammad, takardar digirina ta ce Mohammed. Kamfanin da na fara aiki ya daɗe da rufewa. Akwai wata takwas da ban yi wa kowa aiki ba. Ga kuɗin motar da na sayar sun faɗo asusuna na banki a rana ɗaya, kamar daga sama.

Saboda irin waɗannan ake rubuta wasiƙar bayani. Ba ta cikin takardun dole, amma akwai gurbin da aka bari don ƙarin bayani, nan ake ɗora ta, da Turanci ko Faransanci.

Ta farko da na rubuta shafi uku ce cur. Na buɗe da gaisuwa, na yabi ƙasar, na ba da labarin yadda na taso, na kawo zancen makomar 'ya'yana, na rufe da roƙo. Na tura wa yayata, wadda ta riga ni bin wannan hanya. Ko minti goma ba a yi ba ta kira.

"Ƙanena, wannan wasiƙar bayani ce ko ta neman aure?"

"Haba Yaya, ai ladabi ne."

"Ajiye ladabin nan tukuna. Wanda zai karanta bai san ka ba, kuma kada ka sa rai zai kira ka ya ji ba'asi. Takardu ne a gabansa. Duk inda biyu suka saɓa, nan zai tsaya. To a nan kaɗai yake buƙatar jin bakinka."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, don na kwana biyu ina gyara jimlolin nan. Amma da na sake karantawa, sai na ga a shafi ukun babu inda na ambaci rufewar kamfanin, alhali ita ce babbar matsalata.

Wani ɓangare na makin da ake ba mai nema a wannan tsarin yana rataye ne da shekarun aikin da mutum ya ce ya yi, kuma hujjar da ake so ita ce wasiƙa daga wurin aikin, a kan takardar kamfani mai ɗauke da suna da adireshi, da sa hannun shugabanka ko jami'in kula da ma'aikata. Sai ta faɗi muƙaminka, ranar farawa da ta bari, awa nawa kake yi a mako, albashinka, da ayyukan da kake yi ɗaya bayan ɗaya. Awa 30 a mako shi ne cikakken aiki a lissafinsu. Ayyukan ne suka fi sunan muƙamin nauyi, domin da su ake auna ko ka dace da lambar sana'ar da ka zaɓa, lambar nan mai alƙaluma biyar da aka koma amfani da ita a Nuwamban 2022. To ni wa zai rubuta mini, kamfani ya zama tarihi?

Na tono takardar ɗaukata aiki, da takardun albashi goma sha ɗaya da Allah Ya sa ban zubar ba, da bayanin banki mai nuna shigowar albashin wata-wata. Tsohon shugabana, wanda yanzu yake wani wurin, ya yi takardar rantsuwa ya jera ayyukan da nake yi a ƙarƙashinsa. A wasiƙar, duk wannan ya zama layi biyar: kamfanin ya daina aiki, ban sami wasiƙarsa ba saboda haka, ga abin da na kawo a madadinta, kowace takarda da lambar shafinta. Ko jami'in zai gamsu, wannan hukuncinsa ne. Wasiƙar bayani ba ta zama hujja da kanta, nuna hanyar zuwa ga hujja take yi.

Wani abokina ya ba ni shawarar da na san ba ni kaɗai aka taɓa bai wa ba. Wai tunda ina da tsohuwar takardar kamfanin, a kwaikwayi samanta mai suna da adireshi a kwamfuta a buga abin da ake so, wa zai sani? Sashe na 40 na dokar shige da ficen Kanada ya tanadi haramcin shekara biyar ga wanda ya yi ƙarya ko ya ɓoye abin da zai iya sauya hukunci. Ɓoyewar ce ta fi tsaya mini a rai, domin akwai wata ƙasar Turai da ta taɓa hana ni biza, kuma har ga Allah na so in yi shiru a kai. Fom ɗin yana tambaya ne kan kowace ƙasa, ba Kanada kaɗai ba. Na amsa da e, na faɗi ƙasar da shekarar da dalilin da suka rubuta mini, ban tsaya kare kaina ba.

Sunan bai ba ni wahala ba: takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, da jimla biyu.

Kuɗin mota ya ɗan ja ni. Wasiƙar banki da ake nema tana nuna matsakaicin abin da ya zauna a asusunka cikin wata shida, kuma ba a yarda kuɗin ya zama na rance ba, saboda haka dunƙulen kuɗi da ya shigo jiya-jiya dole ya jawo tambaya. Yarjejeniyar cinikin da Hausa muka rubuta ta, da hannu. Na ce ai ni zan fassara, Hausar tawa ce, Turancin ma na ci jarrabawarsa. Ashe ba a karɓar fassarar mai nema, ko ta ɗan'uwansa. Yaya ma ba ta da hurumi. Sai da na biya mai fassara ya juya mini layi bakwai da ni na rubuta su da kaina.

Wata takwas ɗin nan kuwa, jinyar mahaifina na yi, Allah Ya jiƙansa. Tarihin rayuwa da ake cikewa na shekara goma ne, ba a son a bar giɓi ko na wata ɗaya. A rubutun farko na cika rabin shafi da dararen asibiti. A na ƙarshe na ce daga wata kaza zuwa wata kaza ba na aiki, ina kula da mahaifina da ba shi da lafiya, ina zaune a adireshi kaza. Na daɗe ina kallon layi biyun nan kafin in wuce gaba.

Rubutu na uku ya tsaya a shafi ɗaya da rabi, sunana da lambar nemana a sama, batu biyar kowanne da takensa. Na sake tura wa Yaya. Ta ce saura layi ɗaya, wanda na ɓoye can ƙasa ina roƙon a dube ni da idon rahama.

"Goge shi."

"Yaya, ko godiya ba za a bar mini ba?"

"Bar godiyar. Ita ba ta neman komai."

Na tura a kwana na 52, da misalin ƙarfe ɗayan dare, bayan na buɗe kowane fayil na tabbatar ba a kife na ɗauki hotonsa ba.