Kyaftin ba jirgi

Juma'a. Da safe muna ɗakin aiki, an ba kowane rukuni famfon ruwa a kwance a mayar. Namu ya tashi lafiya lau, na su Kwesi kuwa yana ta yoyo har aka tashi. Na baro Nungua, inda makarantarmu ta koyon aikin jirgin ruwa take, da fara'ata, na samu trotro, motar haya, ba jira, cunkoson Teshie ma yau da sauƙi. Na riski salla a Nima, cikin Accra.

Ana idarwa Kawu ya yafito ni zuwa shagonsa. "Kyaftin!" Haka yake kirana tun da na shiga makarantar nan. Na gaji da gaya masa cewa ni wurin inji nake, can ƙasan jirgi, kyaftin daga cikin masu karatun tuƙi yake fitowa. Ya aika aka sayo mini waakye, wato shinkafa da wake, ya bari na kai loma, sannan ya ce:

"Yaushe za ka hau jirgin?"

Na ce, Kawu, sai an samu gurbi. Na yi masa bayani cewa digiri kaɗai ba ya sa a damƙa wa mutum injin jirgi. Yarjejeniyar duniya kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa, wadda aka ƙulla a 1978, ta gindaya wata 12 na horo, aƙalla 6 daga ciki a teku, a ɗakin inji, manya suna sa hannu a littafinka. Bayan nan ka zauna jarrabawa, hukumar harkokin ruwa ta Ghana ta ba ka shaida.

"To jirgin na wa?"

Nan na yi shiru, don shi ma ya san amsar. Ya fara labarin Black Star Line, kamfanin jiragen da aka kafa a 1957 zamanin Nkrumah, da yadda yana yaro yake ganin ma'aikatansu suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema da akwatuna da rediyo. A 1958 aka buɗe makarantarmu don ta samar wa jiragen ƙasa ma'aikata. Kamfanin ya daɗe da rushewa, makaranta ta rage, har ta zama jami'a a 2007, ta ƙasashe biyar: Ghana, Kamaru, Gambiya, Laberiya da Saliyo. Ɗalibai na fitowa kowace shekara, kowa na jiran jirgin baƙi ya ɗauke shi.

"Ka koma ɓangaren su Rabi," in ji shi. "Tun ba ka yi nisa ba."

Su Rabi, a makarantar tamu, harkar tashar ruwa suke karantawa: lissafin kuɗin dako, inshorar kaya, tarar da ake ci in kwantena ta wuce kwanakinta, takardun kwastan. Kawu ya ce kayan Burkina da Nijar da Mali ta Tema suke bi, kuma duk alhajin da ke zaune a Yamai yana jiran kwantenarsa, ba abin da yake nema kamar yaro mai jin Hausa, mai takarda, mai amana a bakin tasha. Ya ce zan kwana a gida, in yi salla a jam'i, in yi aure a kan lokaci.

Abin da ke cina shi ne ban samu inda zan ce ƙarya yake yi ba.

Sai na shiga ba shi labarin injin, ko zai gane abin da ya ja ni. Na ce na manyan jirage ya fi gidan sama mai hawa uku tsawo, amma a minti ɗaya bai fi juyi ɗari ba, kuma kai tsaye yake juya farfela. Man da yake sha baƙi ne mai kauri, sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Awa huɗu kana tsaro, awa takwas kana hutu, kunnenka na kan sautinsa. Ya saurara har na gama, yana jan carbi.

"Ka taɓa ganinsa da idonka?"

Na ce a kwamfutar koyo da bidiyo.

Bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi Allah ya yi zaɓi mafi alheri, ya juya wajen mai sayen shinkafa.

A gida Inna ta riga ta ji, ashe tare suka shirya. Ita ba ruwanta da lissafi, 'yan fashin teku take tsoro. Ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ta ci gaba da tankaɗe.

Wanki. Aski wurin Baba Ali, ya ƙara kuɗi. Wuta ta ɗauke bayan magariba. Litinin akwai gwaji kan zafi da tururi, littafin yana cikin jaka ban buɗe ba.

Na tura wa Yaya Sani saƙo, tun da ya samu jirgi sai sun matso gaɓa yake amsawa. Na kuma ce wa Rabi ta turo mini jerin darussansu. Dubawa kawai zan yi.